Tarihin Sakamakon "Ba a Tantance Ba" a Gwajin Allurar Tayirod, 1930 zuwa 2023

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda aka samu rukunin sakamakon da likitoci ke kira "ba a tantance ba" a gwajin allurar tayirod, wato sakamakon da bai wanke ƙullutun wuya daga zargin sankara ba, bai kuma tabbatar masa da ita ba. Maƙalar ta faro daga zamanin da tiyata ce kaɗai hanyar sanin abin da ke cikin ƙullutu, ta biyo ta kan gwaje-gwajen farko a Amurka da Suwidin, da taron Bethesda na 2007, har zuwa sauya wa wani nau'in ƙari suna a 2016. Abin da ta nuna shi ne, rashin tabbas ɗin ya samo asali ne daga iyakar abin da allura ke iya ɗebowa, kuma alƙaluman haɗarin da ake rataya masa sun sha sauyawa gwargwadon waɗanda aka ƙirga da kuma abin da aka yarda a kira sankara a kowane zamani.

Muhimman kalmomi: tayirod, maƙoƙo, gwajin allura, tsarin Bethesda, tarihin likitanci

1.0 Gabatarwa

Tayirod wata 'yar gaɓa ce mai ɓari biyu da ke gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, wadda ke samar da sinadaran da ke daidaita yadda jiki ke sarrafa kuzarinsa. Kumburinta shi ne maƙoƙo, wanda Bahaushe ya daɗe da saninsa. Bayan maƙoƙon da ido ke gani, akwai ƙananan ƙullutai da ke fitowa a cikin gaɓar, kuma suna da yawa ƙwarai: na'urar sikanin mai amfani da sauti takan gano su a wuyan kusan rabin manya. Ƙalilan ne daga cikinsu, kimanin kashi 5 zuwa 15 cikin 100, ke zama sankara. Aikin likita shi ne ya tsamo waɗannan ƙalilan ba tare da ya yanka wuyan sauran ba.

Hanyar da ake bi a yau ita ce a soka siririyar allura cikin ƙullutun, a zuƙo ƙwayoyin halitta kaɗan, a shafa su kan gilashi, a rina, a duba da madubin likita. Mafi yawan lokuta amsa takan fito fili. Amma a wani kaso mai kauri, wajen ɗaya cikin biyar, takardar sakamako takan dawo da lamba da wasu kalmomi masu nufin cewa ba a yanke hukunci ba. Majinyacin da ke Amurka ko Saudiyya zai iya ganin an rubuta Bethesda III ko IV, wanda ke Ingila kuwa ya ga Thy3. Daga wannan takarda ce za a yanke shawarar ko a cire ɓarin gaɓar, ko a sake gwaji, ko a jira. Sanin inda waɗannan lambobi suka fito na taimakawa wajen fahimtar abin da suke faɗa.

2.0 Zamanin wuƙa

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 19, yi wa tayirod tiyata tamkar caca ce da rai. Gaɓar cike take da jijiyoyin jini, babu maganin sa barci mai inganci, ba a kuma san hanyar hana rauni ruɓewa ba. Kusan mutum huɗu cikin goma da aka yi wa aikin ba sa tashi. Likitan da ya sauya wannan labari shi ne Theodor Kocher na birnin Bern a Suwizalan, yankin da maƙoƙo ya yi katutu saboda ƙarancin aidin. Da tsafta da natsuwa wajen ɗaure jijiyoyi ya yi dubban ayyuka, ya sauko da mace-mace zuwa ƙasa da kashi 1 cikin 100, abin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1909.

Kocher ɗin ne kuma ya bayyana a 1883 abin da ke samun wanda aka cire wa gaɓar ɗungurungum. Da ya sake kiran tsofaffin majinyatansa, ya tarar mafi yawan waɗanda suka dawo sun kumbura, jikinsu ya mutu, tunaninsu ya yi nauyi, yaran cikinsu kuma sun daina girma. Tun daga lokacin aka san cewa cire tayirod yana da nasa farashin. A yau ana maye gurbin sinadarin da ƙwayar magani da ake sha kullum har ƙarshen rayuwa, amma sauran haɗurran suna nan: jijiyar da ke motsa murya na bi ta bayan gaɓar, haka ma wasu ƙananan gaɓoɓi huɗu masu daidaita sinadarin kalsiyam a jini. Idan wuƙa ta taɓa su, murya na iya dushewa, ko mutum ya dawwama yana shan kalsiyam.

Da tiyata ta yi sauƙi sai wata matsalar ta taso. Tunda babu hanyar sanin abin da ke cikin ƙullutu sai an fito da shi, likitoci suka riƙa cire duk wanda suka yi wa zargi. A shekarun 1950 an samu hoton da ake ɗauka bayan majinyaci ya sha aidin mai tururin nukiliya, wanda ke raba ƙullutai zuwa "masu zafi" da ke zuƙe aidin da "masu sanyi" da ba sa zuƙa. Masu zafi da wuya su zama sankara, to amma mafi yawan ƙullutai masu sanyi ne, kuma mafi yawan masu sanyin ma ba su da lahani. Kafin gwajin allura ya zama ruwan dare, kimanin kashi 14 cikin 100 ne kawai na ƙullutan da aka cire ke fitowa sankara. Ma'ana, cikin mutum bakwai da aka yanka, shida sun sha wuƙa ne domin a samu amsar tambaya.

3.0 Allura daga New York zuwa Stockholm

A 1930 Hayes Martin, likitan tiyatar kai da wuya a asibitin Memorial da ke New York, tare da Edward Ellis na ɗakin gwaje-gwajen asibitin, suka wallafa bayanin yadda suke zuƙo samfur daga ƙari da allura da sirinji. Allurarsu mai kauri ce idan aka kwatanta da ta yau. Abokin aikinsu Fred Stewart ya duba dubban irin waɗannan samfura, amma dabarar ba ta yaɗu sosai a wajen asibitin ba. Likitocin Amurka sun ji tsoron kada allura ta shuka sankara a kan hanyar da ta bi, masu binciken tsoka kuma sun saba da yankakken nama da ke nuna tsarin gaɓa gaba ɗaya, ba su yarda da ƙwayoyin da aka warwatsa kan gilashi ba.

A Suwidin ne dabarar ta samu gindin zama. A 1952 Nils Söderström ya wallafa sakamakon soka siririyar allura a maƙoƙo. Daga nan masana a asibitin Karolinska da ke Stockholm, irin su Sixten Franzén da Josef Zajicek da Torsten Löwhagen, suka mayar da ita aikin yau da kullum. Sun aro rinin da masu binciken jini ke amfani da shi, kuma a wurinsu likitan da ya taɓa ƙullutun da hannunsa ya soka allurar shi ne ke duba gilashin. Cikin shekaru ashirin sun tara samfura masu ɗimbin yawa, suka kuma nuna cewa tsoron shuka sankara da siririyar allura ba shi da wani tushe mai ƙarfi.

Amurka ta dawo kan dabarar a ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980. Binciken da asibitin Mayo ya wallafa a 1982 ya nuna cewa bayan shigo da allura adadin waɗanda ake kai wa tiyata ya ragu sosai, kason sankara a cikin abin da ake cirewa kuma ya ƙaru. Daga baya wannan kaso ya haura kashi 50 cikin 100. A shekarun 1990 aka yawaita soka allurar ana kallon ta a sikanin, don a tabbatar ta shiga inda ake so.

4.0 Inda allura ta tsaya

Tun a shekarun 1970 masanan Karolinska suka bayyana cewa akwai wani nau'in ƙari da allura ba ta iya yanke masa hukunci. Dalilin yana cikin halittar gaɓar. Tayirod tarin ƙananan jakunkuna ne da ake kira folikul. Sankarar da ta fi yawa a cikinta, wato nau'in papilari, tana da alamomi a cibiyar kowace ƙwayar halitta: cibiyar takan yi fayau, ta yi tsagi, ta hau kan 'yar'uwarta. Ƙwayoyi kaɗan sun isa a gane ta. Nau'i na biyu, na folikula, ba haka yake ba. Ƙarin folikula marar lahani da sankarar folikula ƙwayoyinsu kama ɗaya suke. Abin da ke raba su shi ne ɗabi'a: kowannensu na lulluɓe da tantani, marar lahanin yana zaune a cikin nasa, sankarar kuwa takan huda tantanin ko ta kutsa cikin jijiyar jini. Ba a ganin wannan kutse sai an fito da ƙarin sukutum, an yanyanka shi, an bi gefen tantanin kaf.

Allura kuwa daga tsakiya take ɗebowa. Kamar mutum ne ya ɗebi tsabar gero daga cikin buhu, a tambaye shi ko buhun ya yage ta ƙasa. Komai ƙwarewarsa, tsabar da ke hannunsa ba za ta ba shi amsa ba. Saboda haka sai masanan suka riƙa rubuta "ƙarin folikula" kawai, su bar sauran ga tiyata. Nan ne asalin rukunin da ba a tantance ba. Wannan batu ya fi shafar yankunan da ke fama da ƙarancin aidin, ciki har da sassan Afirka ta Yamma da maƙoƙo ya yawaita, domin bincike ya nuna kason nau'in folikula ya fi yawa a irin waɗannan wurare.

5.0 Taron Bethesda da sanya wa shakka lamba

Da allura ta yaɗu, kowane ɗakin gwaje-gwaje sai ya ƙirƙiro nasa kalmomin. Abin da wani ya kira "abin zargi" wani "baƙon fasali" yake kiransa, wani kuma ya haɗa samfurin da bai isa ba da wanda ya isa amma ya rikitar, ya ba su suna ɗaya. Likitan tiyata ba ya iya sanin nauyin kalmar da ke gabansa sai ya san wanda ya rubuta ta. A watan Oktoba na 2007 Cibiyar Binciken Sankara ta Amurka ta kira taro a garin Bethesda na jihar Maryland, garin da tun 1988 ya ba da sunansa ga tsarin bayar da sakamakon gwajin bakin mahaifa. Abin da aka cim ma a taron shi Edmund Cibas da Syed Ali suka wallafa a 2009 a matsayin tsari mai rukuni shida.

Rukuni na farko shi ne samfurin da bai wadatar ba. Ƙa'ida ita ce a samu aƙalla gungu shida na ƙwayoyin folikul, kowane gungu da ƙwayoyi goma ko fiye. Idan jini ko ruwa kawai aka ɗebo, ba a ce komai game da ƙullutun ba tukuna, abin yi shi ne a sake. Rukuni na biyu marar lahani ne, na shida kuma sankara ce tabbas. Na biyar shi ne wanda ake kyautata zaton sankara ce amma hujja ba ta cika ba. Na huɗu shi ne ƙarin folikula da aka yi bayani. Na uku kuwa sabon abu ne: samfurin da ke da wasu baƙin alamu waɗanda ba su kai a yi zargi ba, ba su kuma yi ƙanƙantar da za a kau da kai ba.

Babban abin da tsarin ya kawo shi ne jingina wa kowane rukuni adadin haɗari da shawarar abin yi. A bugun farko an ƙiyasta haɗarin sankara a rukuni na uku da kashi 5 zuwa 15 cikin 100, na huɗu 15 zuwa 30, na biyar 60 zuwa 75. An kuma shawarci ɗakunan gwaje-gwaje da kada rukuni na uku ya wuce kashi 7 cikin 100 na sakamakonsu, gudun kada ya zama maɓoyar duk wanda ya ji tsoron yanke hukunci. Ingila ta bi nata tsarin na Thy1 zuwa Thy5, a 2009 kuma aka raba Thy3 gida biyu: Thy3a da ya yi daidai da rukunin Bethesda na uku, da Thy3f da ya yi daidai da na huɗu.

Alƙaluman ba su tsaya wuri ɗaya ba. Bugun 2017 ya ɗaga haɗarin rukuni na uku zuwa kashi 10 zuwa 30, ya kuma sassauta iyakar yawansa zuwa kashi 10. Bugun 2023 ya ba da matsakaicin kashi 22 ga na uku da 30 ga na huɗu, ya kuma raba na uku gida biyu, domin samfurin da baƙuwar alamarsa ke cibiyar ƙwaya ya fi sauran haɗari. Masu tsarin da kansu sun yi gargaɗin cewa alƙaluman na iya zarce gaskiya, saboda ana lissafa su ne daga ƙullutan da aka cire, kuma waɗanda suka fi tayar da hankali ne ake kai wa tiyata. Haka nan wani bincike na 2013 ya gano cewa idan aka ba masana daban-daban gilashi ɗaya, kusan sau biyu cikin uku ne kawai suke haɗuwa a kan rukuni ɗaya. Shi ya sa neman wani masanin ya sake duba gilashin, ko maimaita allurar, yakan warware kaso mai yawa na rukuni na uku.

6.0 Da aka matsar da iyakar sankara

Lissafin haɗari ya dogara ne a kan abin da aka amince a kira sankara, wannan kuwa shi ma yana da tarihi. A 1985 wani bincike a Finlan ya duba tayirod na gawawwaki 101, ya sami ƙananan sankarar papilari a fiye da kashi ɗaya bisa uku, alhali ba ita ta kashe masu su ba. A 1993 Akira Miyauchi na asibitin Kuma da ke Kobe a Japan ya fara bai wa masu irin wannan ƙaramar sankara, wadda ba ta wuce santimita ɗaya ba, zaɓin a riƙa sa musu ido maimakon tiyata, kuma mafi yawansu ba ta girma ba. Koriya ta Kudu ta nuna ɗaya ɓangaren: bayan an yawaita duba wuyan masu lafiya da sikanin, adadin sankarar tayirod da aka gano a 2011 ya ninka na 1993 sau goma sha biyar, amma mace-mace daga cutar ba su ƙaru ba. Saboda irin wannan darasi ne ƙa'idojin Ƙungiyar Tayirod ta Amurka na 2015 suka ce galibi kada a soka allura a ƙullutun da bai kai santimita ɗaya ba.

Sauyin da ya fi shafar rukunin da ba a tantance ba ya zo ne a 2016. Akwai wani ƙari mai tsarin folikula, mai cibiyoyi irin na papilari, amma lulluɓe cikin tantaninsa bai kutsa ko'ina ba. Shekaru da dama ana kiransa sankara, ana cire gaɓar duka, wani lokaci a bi da aidin mai tururi. Yuri Nikiforov na Jami'ar Pittsburgh ya jagoranci masana 24 daga ƙasashe 7 suka bi tarihin majinyata 109 masu wannan ƙari na tsawon shekaru 10 zuwa 26. Babu wanda ya mutu da shi, babu wanda ya dawo masa. Kama da wane dai ba wane ba ne. Sai suka cire kalmar sankara daga sunansa, suka raɗa masa wanda ake taƙaitawa da NIFTP, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta amince a 2017. Da yake irin wannan ƙari yakan faɗa rukuni na uku ko na huɗu ko na biyar a gwajin allura, sai haɗarin rukunan ya sauka ba tare da wani abu ya sauya a wuyan kowa ba. Bugun Bethesda na 2017 ya ba da alƙaluma biyu gefe da gefe: rukuni na uku kashi 10 zuwa 30 idan an ƙirga NIFTP a sankara, 6 zuwa 18 idan ba a ƙirga ba.

7.0 Gwajin ƙwayoyin gado

Hanya ta baya-bayan nan ita ce a tambayi samfurin abin da ido ba ya gani. A 2003 aka gano cewa wani sauyi a ƙwayar gado mai suna BRAF na yawan bayyana a sankarar papilari. A 2012 aka wallafa binciken gwajin Afirma a kan ƙullutai 265 da ba a tantance ba: ya kama 78 daga cikin 85 da suka fito sankara, amma kusan rabin marasa lahanin ma ya yi musu zargi. Amfaninsa ya fi yawa wajen wankewa, domin idan ya ce babu, haɗarin yakan sauka zuwa kusan kashi 5 cikin 100. Gwajin ThyroSeq na Pittsburgh, a sigarsa ta uku, yana duba ƙwayoyin gado 112. Duk da haka sauyi irin na RAS ana samun sa a ƙari marar lahani da NIFTP da sankara baki ɗaya, don haka shi ma lissafin yiwuwa yake bayarwa. Ga shi kuɗinsa dubban daloli ne, kuma a wajen Amurka ba kowane asibiti ke yin sa ba. A mafi yawan ƙasashen duniya hanyar warware rukuni na huɗu har yanzu ita ce cire ɓarin da ƙullutun yake, a bar ɗaya ɓarin ya ci gaba da aiki.

8.0 Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa sakamakon "ba a tantance ba" abubuwa ne daban-daban da aka daɗe ana cakuɗawa kafin a rarrabe su. Akwai samfurin da bai isa ba, wanda maganinsa a sake ɗiba. Akwai mai baƙuwar alama, wanda sake dubawa ko sake allura ko gwajin ƙwayoyin gado kan warware. Akwai kuma ƙarin folikula, wanda amsarsa ke jikin tantanin da allura ba ta ɗebowa. A rukuni na uku da na huɗu, mafi yawan ƙullutan da aka cire ba sa fitowa sankara, waɗanda suka fito kuma galibi masu tafiyar hawainiya ne da ke jin magani. Adadin da ke kan takarda matsakaici ne da aka tattaro daga asibitoci da yawa. Ana auna shi ne tare da girman ƙullutun, da siffarsa a sikanin, da tarihin dangin majinyaci, da ko an taɓa haska masa wuya da tururin nukiliya yana yaro, da kuma abin da tiyatocin wannan asibitin suka saba nunawa a rukunin.

A zamanin Kocher duk mai ƙullutun da aka yi wa zargi wuƙa ce makomarsa. Ayyukan da aka yi daga New York zuwa Stockholm da Bethesda sun taƙaita shakkar zuwa kusan kashi ɗaya bisa biyar na masu gwaji, suka ba ta suna da ma'auni da matakan da za a bi. Abin da ya rage ga masu bincike, musamman a ƙasashen da ƙarancin aidin ya bar tabonsa, shi ne tattara nasu alƙaluman, domin haɗarin da aka lissafa a Amurka da Turai ba lallai ne ya yi daidai da na Kano ko Tamale ko Khartum ba.